Yadda ake gyara daɓen siminti mai tudu da kwari

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ba a cika lura daɓen ɗaki ya karkace ba sai ranar jere. A kafa gado, ƙafa uku su zauna, ta huɗu tana lilo sai an cusa mata guntun kwali. A tsayar da sif, ƙofarta ta riƙa buɗe kanta. A shimfiɗa leda, kafin wata uku ta yage daidai kan tudun, domin nan ƙafa ke gogarta. In ruwa ya zube, maimakon ya nufi ƙofa sai ya gangara lungu ƙarƙashin gado ya kwana.

Abin da aka saba yi shi ne a sayo rabin buhun siminti, a kira yaron magini ya dama shi ruwa-ruwa ya shafe wurin. Ranar farko gwanin kyau. Kafin kasuwa ta ci sau huɗu shafen ya fara ɓamɓarewa, an koma gidan jiya, ga asarar kuɗi. Siminti siriri ba ya zama a kan tsohon daɓe, kuma babu shafen da zai hana ɗaki nutsewa in ciwon a ƙarƙashi yake. Don haka kada ka sayi ko kwano ɗaya na siminti sai ka san abin da ya sami daɓen.

Bincike kafin a taɓa komai

Fitar da kayan ɗakin duka, a naɗe leda, a share tas. Ɗauki guduma ko guntun rodi ka bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa taku-taku. Inda daɓe ya zauna daram a kan ƙasa, amonsa a dunƙule yake. Inda ƙasa ta janye ta bar shi a sama, ko inda wani tsohon shafe ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa, za ka ji amon fanko. Duk inda ka ji haka, zagaye shi da gawayi. Ka fi mai da hankali ga gindin bango da kusurwoyi, saboda nan ne leburori ba sa kai madaɓi lokacin ciko, nan kuma gara da gafiya ke fara haƙa.

Sai ka nemo miƙaƙƙen katako ko ƙarfen alminiyam mai tsawon ƙafa 6 zuwa 7, irin wanda magina ke ja a kan fulasta. Ka tabbata shi kansa a miƙe yake: rufe ido ɗaya ka hango gefensa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kwantar da shi a daɓen ta kowace fuska. In ya hau tudu zai riƙa lilo, in ya ƙetara kwari za ka ga haske ta ƙarƙashinsa. Auna zurfin ratar, ka rubuta a wurin. Ratar da ba ta wuce kwatan inci ba, leda da tabarma za su zauna a kanta lafiya. Wadda ta kai rabin inci ko fiye, ita ce ke sa gado rawa. Mai son gani da ido ya watsa bokitin ruwa, ya jira minti goma: duk inda ruwa ya kwanta kwari ne.

Tsaga ma tana da nata bayanin. Ƙananan tsage-tsage sirara da suka bazu a saman daɓe alama ce ta siminti da ya bushe da wuri ko aka cika masa ruwa, ba su da haɗari. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai faɗi, wadda gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, musamman in ta hau bango. Irin wannan ka liƙa mata ɗan siminti a wuri biyu ko uku, ka bar ta ta ga damina. In liƙin ya sake tsagewa, ƙasa ba ta gama motsi ba. Tsagar da ta taso daga daɓe ta haura bango har kusa da taga kuwa, magana ce ta harsashin gini, a nemo magini mai shekaru a sana'a ya duba kafin a yi zancen daɓe.

Ƙasar garinku tana da hannu a ciki. A fadamun Haɗeja, wajen Auyo, Guri da Kirikasamma, baƙar laka ce: ta kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, daɓe kuma yana bin ta sama da ƙasa. A jigawar Gumel, Maigatari da Ɓaɓura rairayi ne, ba ya kumbura, amma ruwan da ke zuba daga indararo a gindin bango yana zaizaye shi ta ƙarƙashi. Ɗakin da ruwa ya taɓa kwana a cikinsa, irin abin da aka gani a garuruwa da dama na Jigawa a ambaliyar 2022, ka ɗauka cikonsa ya nutse, ka ƙwanƙwasa shi da kyau. Ka kuma leƙa bayan ɗakin: darbejiyar da aka dasa dab da bango saiwarta na iya shiga ta ɗaga daɓe.

Fitar da layin awo

Wannan shi ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, shi ne kuma ke raba aikin da ya daidaita da wanda aka yi da ido. Ba ya buƙatar na'ura. Siririn tiyo ne mai haske wanda ake ganin ruwa a cikinsa, tsawon ƙafa 25 zuwa 30, da mutum biyu.

Cika tiyon da ruwa, ka bar kamar taƙi ɗaya babu ruwa a kowane baki. Kori duk kumfar iska da ke ciki, domin kumfa ɗaya ta isa ta ɓata awon. Gwada shi: haɗa bakunan biyu wuri ɗaya, ruwan ya tsaya kai ɗaya. In bai tsaya ba, akwai iska ko tiyon ya lanƙwashe a wani wuri. A jikin bango kusa da ƙofa, auna ƙafa 3 daga daɓe ka yi alama. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a wurin, ɗayan ya kai nasa kusurwa, yana ɗagawa yana saukewa a hankali har mai ƙofa ya ce ruwa ya zo kan alama. A jira ruwan ya daina rawa, sannan na kusurwa ya yi tasa alamar daidai kan ruwan. Haka za a yi wa kusurwoyi huɗu da tsakiyar kowane bango. A shafa wa zare gawayi ko bula, a ja shi tsakanin alamomin, a ɗan ɗago shi a sake, ya bugi bango ya bar layi. Yanzu kana da layi ɗaya da ya zagaye ɗakin a kan mizani.

Daga wannan layi ake auno komai zuwa ƙasa. Don tsakiyar ɗaki, buga ƙusa a kan layin a bango biyu masu fuskantar juna, ja zare ya yi tsam, ka auna daga zaren zuwa daɓe. Inda awon ya fi gajarta nan ne tudu mafi tsawo, inda ya fi tsawo nan ne kwari mafi zurfi. Misali in a tudu ka sami inci 35, a kwari 37, to bambancin inci 2 ne.

Kafin ka yanke tsayin sabon daɓe, buɗe ƙofa ka duba ƙasanta. Ƙofofin ƙarfe da yawa ciki suke buɗewa, ratarsu da daɓe ba ta wuce yatsa. In za ka ƙara inci ɗaya da rabi, ko dai a kira mai walda ya rage ƙofar, ko a sassaƙe tsohon daɓen a sauke shi. Ka yanke wannan tun yanzu, ba ranar da siminti ya kama ƙofa ta ƙi rufuwa ba.

Kayan aiki, da yadda ake gane nagari

Guduma da cizal, shebur, kwanon sarki, cokalin gini, katakon shafe, miƙaƙƙen katakon nan, tsintsiyar kwakwa ko buroshin waya, tef na awo, bokiti. Ba sai ka saya ba, kowane magini yana da su.

Siminti buhun kilo 50 ne, ko Dangote ko BUA ko Ashaka, za ka ga an rubuta 32.5 ko 42.5 a jikinsa. Dukansu suna yin daɓen ɗaki, na 42.5 ya fi ƙarfi da saurin kamawa. Abin dubawa shi ne sabunta. A shagunan ƙauye buhu kan daɗe a ƙasa ya sha sanyin damina. Cusa hannu: in gari ne mai santsi, madalla. In akwai ƙulalai da ke murƙushewa tsakanin yatsu, zai yi. In sun yi tauri sai da guduma, bar masa abinsa ko da ya rage maka kuɗi.

Yashi ya fi siminti ɓata aiki. Na daɓe shi ne mai kaifi, mai manyan ƙwayoyi, irin wanda ake ɗebowa daga kogin Wudil ko Challawa da manyan rafuka, ba lallausan rairayin bakin hanya ba, ba kuma yashin fulasta ba. Damƙi danshinsa ka murza: in ya bar maka jan tabo ko baƙi a tafi, da laka a ciki. Gwaji mafi tabbas shi ne kwalba. Zuba yashi rabinta, cika da ruwa, sa ɗan gishiri, girgiza sosai, ajiye awa uku. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa. In kaurin lakar ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, a wanke shi ko a canza. A tankaɗe shi kuma, a fitar da kashin awaki, karmami da saiwoyi.

Ruwa, wanda za ka iya sha. Ban da na kududdufi, ban da ruwan wanki mai sabulu, ban da rijiya mai zartsi. Tun kafin ranar aiki ka shirya da ɗan garuwa ko ka cika duro biyu, domin aikin nan ruwan da zai sha bayan an gama ya fi wanda za a kwaɓa da shi.

Siminti yana cin fata. Wanda ya yini yana tattaka kwaɓi da silifa zai kwana da gyambo tsakanin yatsu. A sa takalmin roba da safar hannu. In ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana wankewa, in raɗaɗin bai lafa ba a tafi asibiti.

Idan tudu ne kawai

Daɓe lafiyayye mai ɗan ƙusumbi a wuri ɗaya ko biyu ba ya buƙatar sabon siminti mai yawa. Ɗan gefen da cokali ya bari, a jiƙa shi a goge da dutsen wasa ko guntun bulo mai ƙarfi. Babban tudu a sassaƙe shi da cizal, ana kwantar da bakin cizal ɗin, ba a tsaye ba, don kada a huda daɓen. Inda ake da janareta, injin giranda ya fi sauri, amma ƙurarsa tana lahanta huhu: a riƙa yayyafa ruwa da hattara nesa da wayar wuta, a rufe hanci da baki, a kare ido, a kori yara. Kana yi kana gwadawa da katako.

Idan kwari ne a wuri ɗaya

Nan ne ake yawan faɗawa tarkon shafe. Kwari yana da zurfi a tsakiya, yana sirancewa zuwa gefe, kuma wannan siririn gefen shi ke fara fashewa. Maganinsa a ba facin gefe mai kauri. Zana murabba'i da ya zarce kwarin da kamar inci 3 ta kowane ɓangare. Sare bakin layin a tsaye da cizal, zurfin inci ɗaya aƙalla, ka sassaƙe cikin duka har ko'ina ya kai wannan zurfin. Abin da za ka samu rami ne mai bango a tsaye da ƙasa mai kaushi. Daga nan wanki, jiƙo, kunun siminti da kwaɓi duk iri ɗaya ne da na ɗaki gaba ɗaya da ke tafe a ƙasa, sai dai a nan tsohon daɓen da ke gefe shi ne ma'auninka: a kansa za ka ja katako.

Idan ƙasa ce ta nutse

Inda ka ji amon fanko mai faɗi, ko daɓe ya karye ya zauna, babu wata dabara sai fasawa. Fasa har ka isa inda amo ya koma lafiyayye, ka ƙara taƙi ɗaya. Kwashe ɓaraguzai, ka tona duk ƙasa mai taushi. In ka tarar da gidan gara, bi shi ka kwashe, a zuba maganin gara na shagon kayan noma yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Ramin gafiya a toshe shi da tsakuwa da siminti tun daga inda ya shigo. Wasu kan tuttula baƙin mai don korar gara. Ka hana: duk inda ya taɓa tsohon daɓe, sabon siminti ba zai kama wurin ba.

Ciko da jar marmara ko burji ake yi, ba da baƙar ƙasar gona ko shara ba. Sirrinsa a yi shi hawa-hawa: zuba kaurin inci 6, yayyafa ruwa ya yi danshi ba caɓi ba, daka shi har madaɓi ya daina barin sawu, sannan a ƙara wani. Kakanninmu mata da suke taruwa su yi daɓen tsakuwa da makuba, suna waƙa suna bugu yini guda, ba su da siminti ko cokali ɗaya, amma daɓensu kan shekara da shekaru bai nutse ba, saboda bugun ya kai. Yau sai a juye ciko mai zurfin gwiwa a lokaci ɗaya, a watsa ruwa, a tattaka da ƙafa, a ce ya yi. Guntun gungume mai nauyi da aka kafa wa hannaye biyu ya isa madaɓi.

A kan cikon a baza yashi kaɗan, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta da taƙi guda. A yankin fadama, ko ɗakin da gishiri ke fitowa fari-fari a daɓensa, wannan leda ita ce ke tare danshi. Sai kankare: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Da yake buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, lissafin ya zama buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Kauri inci 3 ya ishi ɗakin kwana. Shago, ɗakin ajiye buhunan hatsi ko wurin injin niƙa a ba shi inci 4. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 in za a zuba masa inci 3 gaba ɗaya zai ci kusan buhu 7. A soka kankaren da rodi, a bubbuga shi ya zauna, a bar samansa da kaushi kuma ƙasa da tsayin ƙarshe, don a bar wa daɓen sama wuri.

Sabon daɓe a kan tsoho

Wannan shi ne gyaran ɗakin da ƙasansa lafiya lau amma samansa duk tudu da kwari.

Kwana ɗaya kafin aiki, a sassare tsohon daɓen duka da cizal ko bakin diga, sara kusa da sara, kada a bar wuri mai santsi da ya kai faɗin tafin hannu. Aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa lebura zai yi sara goma a warwatse ya ce ya gama. Tsaya a kansa. Inda manja, man gyaɗa ko gam ɗin leda ya shiga, a sassaƙe wurin har sai an ga siminti mai tsabta. A share, a wanke da buroshi, a kwashe ƙurar kaf. Sannan a jiƙa daɓen ya sha ruwa ya kwana. Busasshen daɓe yana zuƙe ruwan sabon kwaɓi kafin ya kama. Da safe a tsane duk ruwan da ya kwanta: danshi ake so, ba tafki ba.

Yanke tsayi. A kan tudu mafi tsawo sabon daɓe kada ya gaza inci ɗaya. A misalinmu na ɗazu, tudu yana inci 35 daga layi, don haka saman sabon daɓe zai tsaya a 34 ko'ina, kwarin kuma zai ci inci 3. In ka ga hakan zai cinye siminti, sare tudun ka sauke shi, ya fi arha. Kwarin da ya wuce inci 2 a fara cike shi da kankare mai ƙananan tsakuwa.

Yanzu a kafa 'yan tsibin awo. Ɗan kwaɓi ne cikin cokali, a ɗora masa guntun tayil ko fasasshen tangaran, a danna har samansa ya zo daidai awon da aka yanke daga zare. A jera su layi-layi, tazarar da ba ta kai tsawon katakonka ba. Ɗakin kwana a daidaita shi, ko a ɗan karkato shi kaɗan wajen ƙofa. Banɗaki, madafa da baranda dole su sami gangara: inci ɗaya a kowace ƙafa 4 zuwa 5, zuwa inda ruwa zai fita. Da tsibin nan ake fitar da gangarar, kowane layi ya fi na bayansa sauka.

Kwaɓi: siminti 1, yashi 3, wato buhu ɗaya da kwano 6. In tayil za a ɗora, 1 da 4 ya wadatar. Ɗaki 12 da 12 a kaurin inci ɗaya da rabi zai ci kamar buhu 5 da yashi kwano 30. A auna da kwano, a shafe bakinsa. Awo da shebur shi ke sa wani ɓangaren ɗaki ya yi ƙarfi wani ya riƙa zubar da gari. A kwaɓa a kan daɓe ko faifan kwano, ba a kan ƙasa ba. A juya shi a bushe sau uku har launi ya zama ɗaya, sannan a sa ruwa kaɗan-kaɗan. Gwajinsa a hannu: dunƙula shi, ya riƙe siffarsa, ya jiƙa tafi, amma ruwa bai ɗiga ba. Leburori sun fi son mai ruwa don ya fi sauƙin ja. Ruwan da ya yi yawa shi ne zai ƙafe ya bar daɓe mai rauni da tsaga. Kada a kwaɓa fiye da abin da za a shimfiɗa cikin rabin awa zuwa minti arba'in, wanda kuma ya fara kamawa a zubar da shi, ba a farfaɗo da shi da ruwa.

Dab da zubawa, a dama zallan siminti da ruwa ya yi kaurin kunu, a goga shi da tsintsiya ya shiga kowane sara. Wannan shi ne gam tsakanin tsoho da sabo, sharaɗinsa ɗaya: kwaɓi ya hau kansa tun yana ɗanye. In ya bushe ya zama shamaki maimakon gam. Saboda haka a shafa iya inda za a rufe cikin minti goma. Mai hali zai iya sayo farin ruwan da ake kira SBR a shagunan kayan gini na birni, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a haɗa a kunun bisa umarnin da ke jikin galan. Yana ƙara kamu sosai, musamman a faci. Akwai kuma garin da ake damawa a zuba ya baje da kansa, amma tsadarsa da saurin kamawarsa sun sa bai dace da ɗakin ƙauye ba, kuma ba ya gyara kwari mai zurfi da arha.

Fara daga bangon da ya fi nisa da ƙofa. Haɗa tsibi da tsibi da zirin kwaɓi mai faɗin tafi, ka daidaita shi da katako. Waɗannan zirara su ne layin dogon da katako zai hau. Cika tsakaninsu, kwaɓin ya ɗan fi su tudu, bubbuga shi da katakon shafe ya danƙare, musamman gefen bango. Ɗora miƙaƙƙen katako a kan zirara biyu, ka ja shi zuwa gare ka kana kai shi hagu da dama. Inda ya bar rami cika ka sake ja. Cire guntayen tayil ɗin ka cike gurbinsu. Haka za ka yi ta ja da baya har ka fita ta ƙofa. A gama ɗaki a yini ɗaya. Wuri mai faɗi kamar tsakar gida ko harabar masallaci a yanka shi gida-gida, kowane kamar ƙafa 10, don in zai tsage ya bi layin.

Bayan ja, a murza da katakon shafe a zagaye. In tayil ne zai hau, a tsaya nan, kaushin ake so. In daɓen ne zai zama fuska, a jira ƙyallin ruwan sama ya ɗauke, yatsa ya daina nutsewa sai ɗan sawu, sannan a goge da cokalin ƙarfe, a dawo bayan ɗan lokaci a sake. Za ka ji magini ya ce, “Maigida, a ƙaro rabin buhu mu barbaɗa a sama ya yi sheƙi.” Ka ce masa, “Malam, a bar shi ya sha iska tukuna, cokali zai fito da sheƙin.” Busasshen simintin da ake barbaɗawa a kan ruwa yana yin ɓawo siriri mai kyan gani, shi ne kuma ke tsattsagewa ya riƙa tashi a tsintsiya bayan 'yan watanni.

Shayarwa

Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma haɗuwar tana ɗaukar kwanaki. Kwana 7 na farko su ne masu muhimmanci, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi sai kwana 28. Magini ya karɓi kuɗinsa ya tafi, wannan aikin naka ne da mutanen gida.

Da an gama a rufe ƙofa da taga, a kare bakin ƙofa da faifan kwano saboda kaji da awaki. Washegari da sassafe, in farce ba ya shiga, a yayyafa ruwa a hankali, a rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda. A jiƙa safe da yamma, mako guda cur, kada a bari fuskar ta yi fari. A ɗakin bulo ana iya tare ƙofa da ƙasa a tara ruwa ya kwanta. A ɗakin ƙasa kuwa kul, ruwan zai jiƙa gindin bango ya zaizaye shi. Nan buhu mai danshi da leda a kai su ne daidai, a kuma ja su baya kaɗan daga bango.

Lokacin aiki ma abin dubawa ne. Bayan kaka ne aka fi samun kuɗin gyara, lokacin kuma hunturu ke busawa, iskarsa tana zuƙe ruwan daɓe cikin awoyi, don haka a toshe tagogi tun kafin a fara zubawa. A bazara, watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, a fara da asuba a gama kafin rana ta take, a ajiye yashi da ruwa a inuwa. Damina ta fi kowane lokaci sauƙin shayarwa in rufin ba ya yoyo, sai dai ciko a cikinta wahala ne.

Ana iya takawa a hankali bayan kwana biyu. Gado da sif su jira aƙalla kwana goma zuwa mako biyu, a ɗauke su a ajiye, ban da ja. Tayil ya jira mako uku zuwa huɗu. Leda da kafet kuwa sai daɓe ya bushe har ciki, in ba haka ba danshi zai taru a ƙarƙashi, ɗaki ya yi wari, ledar ta yi baƙi. Gwada kafin ka shimfiɗa: yanki leda mai faɗin ƙafa ɗaya da rabi, liƙe gefunanta huɗu da salatif a kan daɓe, bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, ƙara mako guda da tagogi a buɗe.

In jinga ka ba magini, ku yi magana tun farko cewa sassara, awon tiyo da kunun siminti suna cikin aikin, kuma cikon kuɗi sai daɓe ya taku, bayan ka kwantar da katako a gabansa ta tsawo da ta faɗi. A banɗaki ka ƙara da buta ɗaya ta ruwa daga lungu mafi nisa, ku tsaya tare ku ga inda ya nufa.